Gida mai araha a gefen Legas: amsa ga wani ɗan kasuwar gwari daga Zariya

Wani Alhaji daga Tudun Wadar Zariya ya aiko mini da tambaya. Shekara 11 ke nan yana lodin kayan gwari, tumatir da tattasai da albasa, daga Zariya da ƙauyukan kewaye zuwa kasuwar Mil 12 a Legas. Duk shekara yana biyan hayar ɗaki biyu a Ketu, unguwar da ke kusa da kasuwar, inda yake sauka shi da yaransa. Jarinsa ya kai naira miliyan 40. Yanzu wani dillali ya turo masa hoton gida mai ɗaki uku a Ibeju-Lekki, kusa da teku, a kan miliyan 18. Ya ce masa yankin Ɗangote ne, kuɗin zai ninka nan da shekara biyu, kuma in bai ba da kafin alƙalami cikin mako guda ba wani zai ɗauke. Akwai wani gidan kuma a Ikorodu da ya ɗara wannan tsada. Alhaji yana so ya ji: ya saya, ko ya ci gaba da haya?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka tura ko sisi a wannan makon. Gidan da ake ba mutum kwana bakwai ya yanke shawara a kansa, daga Zariya, ta hoton waya, cinikin biri a sama ne.

Sai ka fara tantance wa kanka abin da kake nema. Wurin kwana kake so kusa da kasuwarka, ko wurin ajiye kuɗi? Dillalin ya cuɗa maka biyun don cinikin ya yi daɗin ji. In wurin kwana ne, Ibeju-Lekki ta fita tun yanzu. Kai da motarka ke isowa Mil 12 kafin asuba, daga Ibeju sai ka bi titin Lekki zuwa Epe, ka ratsa cunkoson Ajah, ka shiga tsibiri, ka hau doguwar gadar nan ta uku, sannan ka gangaro Ketu. In ka ƙi nan, sai ka zagaya ta Epe ka ɓullo Ikorodu. Ko ta ina ka bi, kafin ka iso an sauke kwandunan an yi musu kuɗi ba ka nan. Ikorodu kuwa titi ɗaya ne miƙaƙƙe zuwa Mil 12, kuma tun 2015 manyan motocin BRT ke bin sa a layinsu na daban.

Maganar Ɗangote ba ƙarya ba ce. Matatar man da aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, a ƙaramar hukumar Ibeju-Lekki take, haka ma sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da ta fara aiki a shekarar. Filaye sun yi daraja a yankin. To amma duk Legas an san da wannan labarin. Saboda haka in ka ga gida a can yana araha, tambayar da za ka yi ita ce: me ya hana mutanen wurin, masu ganinsa kullum, su saye shi? A sanina, arahar gida a bakin teku ba ta wuce abu uku: ruwa, takarda, ko nisa. Nisa ka ji. Sauran biyun su ne masu cinye dukiya.

Mu ɗauki ruwa. Mu a Zariya in an ce fili, ƙasa ce ja mai tauri, a haƙa ƙafa uku a zuba harsashi a ɗora bulo. Can gefen teku yawancin wuraren fadama ce da yashi, aka yi ciko da tifa aka yanka fuloti. Akwai shekarar da na raka wani ɗan'uwa duba gida a irin wannan unguwa cikin watan Yuli. Mai gidan ya yi sabon fenti, sai ƙamshi yake. Ina tsaye a tsakar gida na lura fentin daga ƙasa zuwa daidai gwiwa ya fi na sama kauri, na sa farce na kankara, sai ga gansakuka a ƙarƙashi. Muka leƙa gidan maƙwabci: janaretonsa a kan dakali yake mai bulo huɗu, an jera wasu bulullukan daga ƙofa har bakin titi don takawa. Ba mu tsaya jin bayanin dillali ba. Wannan gidan da a watan Janairu muka zo, ƙasa a bushe, da mun biya muna godiya.

Don haka lokacin duba gida a Legas shi ne Yuni da Yuli, sa'ad da ruwan sama ya fi ƙarfi, ko Satumba zuwa Oktoba. Ka je washegarin ruwa mai yawa, da ƙafarka. Ka dubi ƙofofin ƙarfe da kwanon rufi, domin iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe da tsatsa, har rodin da ke cikin kankare ba ta bari ba. Ka ɗebi ruwan burtsatsen gidan a gora ka ajiye ya kwana. In ka wayi gari ya yi ja, ko ka ɗanɗana ka ji gishiri-gishiri, ka san sayen ruwa zai zama maka kuɗin wata-wata. Ka tambayi irin harsashin da aka yi, don a ƙasar ciko sai an shimfiɗa kankare da rodi a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, wani wurin ma sai an kafa turaku cikin ƙasa, kuma mai ginin sayarwa da araha a nan yake tsuke hannu. Tsaga a bango da ta tashi a karkace daga kusurwar taga alama ce ginin yana zama.

Kada ka ɗauka hanyar Ikorodu ta tsira. Kai da kanka ka san yadda Agiliti da Owode da Ajegunlen kan titin Ikorodu ke cika idan aka saki ruwan madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun. Bambancin kawai shi ne cikin Ikorodu akwai tudu, kuma shi za ka nema.

Sai takarda, kuma a nan nake so ka nutsu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, izinin zama ce na shekara 99 yawanci, kuma in mai ita ya sayar maka, cinikin bai cika a idon doka ba sai an samu amincewar gwamna. Wannan haka yake a Kaduna ma, ka san hidimar KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar. Abin da Legas ta ƙara shi ne gwamnati ta daɗe da karɓe manyan yankuna a wajen Lekki da Ibeju, sannan take yanka wani ɓangare tana mayar wa ƙauyukan asali, ta buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Filin da ke cikin ɓangaren da aka mayar, aka buga, shi ne halal ɗin sayarwa. Wanda ke wajensa na gwamnati ne ko da an yi bene a kai. Za ka ji dillali yana cewa takarda tana kan hanya, an kusa sa hannu. Takardar da ke kan hanya ba ta iso ba, kuma kuɗinka ne zai zauna jiran ta.

Yadda ake tantancewa ba wuya. Ka ɗauki safiyo, wato mai awon fili, naka na kanka, wanda ba dillalin ne ya kawo shi ba, ya je ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin, a kai ofishin babban safiyon jiha a duba ko ya faɗa cikin filin gwamnati, ko kan hanya, ko kan magudanar ruwa. Lauyanka kuma ya je ofishin filaye da ke Alausa a Ikeja ya binciko sunan wanda ke kan takardar, da ko an jinginar da ita a banki. Wannan binciken ba zai ci maka abin da mota ɗaya ta ruɓaɓɓen tumatir ke ci ba. Ka tuna a 2024, da aka fara titin bakin teku mai kilomita 700 daga Legas zuwa Kalaba, an rushe gine-gine da yawa da suka faɗa kan layinsa, cikinsu har da na masu kuɗi da lauyoyi. Gwamnatin jihar kuma tana ta rushe gidajen da aka gina kan hanyar ruwa. Diyya, in ma za a biya, mai takarda ake nema.

In gidan a filin gado yake, to ka san dokar: dole shugaban zuri'ar ya sa hannu tare da manyan 'yan gidan. In 'ya'ya suka sayar ba da shugaban ba, cinikin banza ne. In shugaban ya sayar shi kaɗai a madadinsu, sauran na iya zuwa kotu su warware. A nan ne omo onile ke shigowa, wato 'ya'yan masu ƙasa, waɗanda za su zo karɓar kuɗin harsashi, su dawo karɓar na rufi, wani reshen gidan kuma ya ɓullo ya ce shi ba a sallame shi ba. Jihar ta yi dokar hukunta masu wannan hali a 2016, zamanin Gwamna Ambode, an kuma samu sauƙi, amma baƙon da ke Zariya rabin shekara shi ne abincinsu. Gidan da aka gama ginawa, mutane na ciki shekara da shekaru, ya fi fili ko kango aminci ta wannan fuskar.

Ƙaramin abu amma yana ruɗa mutanenmu: fuloti a wajenmu ƙafa 50 ne da 100, a Legas an saba da 60 da 120, kamfanonin filaye kuma yanzu da murabba'in mita suke sayarwa, 300 ko 500 ko 600. Kada ka yarda da kalmar fuloti, a rubuta maka girman a takarda.

Yanzu lissafin aljihunka. Miliyan 18 cikin 40 kusan rabin jarinka ne, kuma ba a nan zai tsaya ba. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, na safiyo, na neman amincewar gwamna da hatimi da rajista, ga gyara, ga harajin gida da Legas ke karɓa duk shekara. Ka buɗe littafinka ka duba: a shekara, bayan an cire faɗuwa da ruɓewa da kuɗin hanya, nawa kowace miliyan ɗaya ke kawo maka? A ce dubu 200. To miliyan 18 tana kawo miliyan 3 da dubu 600. Wannan ita ce ainihin hayar da za ka riƙa biya a gidan da kake cewa naka. In hayar Ketu ba ta kai haka ba, mai gidan hayarka ne ke yi maka alheri bai sani ba.

Na san abin da za a ce, kuma da gaskiya a ciki: naira tana zagwanyewa, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, gida kuwa yana riƙe daraja. Wannan hujja ce ga mai kuɗin da ke kwance a banki. Naka kuɗin juyawa yake. Kuma sana'ar gwari tana son kuɗi a hannu, don ranar masifa ba ta sallama. Ba ka manta 2016 ba, da tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir ta share gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. A watan Maris na shekarar ne kuma rikici ya sa aka rufe Mil 12 na ɗan lokaci. A 2021 bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, kun dakatar da kai kaya Kudu na kwanaki. A irin wannan rana mai kuɗi a hannu yana juya motarsa zuwa wata kasuwar. Gida kuwa ba ya hawa tirela, kuma in ka matsu ka sa shi a kasuwa, sai ya yi wata da watanni yana jiran mai saye, shi ma mai neman araha irinka.

Bashin banki kada ma ka fara, kuɗin ruwansa ya fi ribar gwari, ban da abin da malamai suka faɗa a kai. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana ba da rance a kan kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30, amma sai wanda ke zubi a ciki, kuma shi ma bashi da ruwa ne. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin da za su sayi gida su sayar maka da riba sananniya, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsu a hankali. Su ma ba sa taɓa gidan da takardarsa ba ta cika ba, don haka ko ba ka karɓi kuɗinsu ba, ka ari ma'auninsu.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Na Ibeju zan bar wa dillali kayansa. Zan ci gaba da haya a Ketu shekara biyu, ina ware wani kaso na ribar kowace kaka a asusu daban da ba a taɓawa, har ya kai yadda sayen gida ba zai ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na mallaka ba. In kuɗin ajiya kawai nake nema wa mafaka, zan fara duba nan gida Zariya: Samaru da Kongo ɗaliban ABU ba sa ƙarewa, ɗakunan haya ba sa kwana ba kowa, kuma wuri ne da zan iya zuwa a kan babur in ga bangona, na san mai unguwa, na san wanda zan kira in an taɓa mini iyaka.

In kuwa zuciyarka ta tsaya a kan Legas, to Ikorodu, a kan tudu, ginannen gida mai takarda. Ka biya ta banki da sunan da ke kan takardar, kada ka miƙa tsabar kuɗi, kada ka tura asusun dillali. Takardar cinikin ta fito da sunanka kai, ba na yaronka da ke zaune a can ba, komai amanarsa, domin magada ba su san amanar da ke tsakaninku ba. Kwafi ɗaya ya zauna a Zariya inda iyali suka sani. Na Ikorodun da aka nuna maka, ka ce wa mai shi za ka zo gani a watan Yuli, ka turo mini hoton takardun kafin nan in duba.