Kulle fomula a Excel: labule ne, ba ƙofar ƙarfe ba

Tambaya: Malam, ina sayar da shinkafa da man girki a Tsohuwar Kasuwa, nan Sakkwato. Yaron shagona ne ke shigar da ciniki a Excel. Satin da ya wuce ya buga lamba a kan gurbin da ke haɗa jimla, lissafin kwana uku ya rikice. Kuma ba na so ya ga yadda nake fitar da riba. Wani ya yi min tallar manhajar kulle fomula. In saya?

Amsa: Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu. Abin da ake son sayar maka yana cikin Excel ɗin da kake da shi.

Kowane gurbi a Excel da alamar kulle yake zuwa, sai dai kullen ba ya aiki sai an kare shafin. Nan mutane ke tuntuɓe: su kare shafi kai tsaye, komai ya ƙame, yaro ya rasa inda zai rubuta buhu nawa aka sayar. To, ka fara da zaɓar shafin duka da Ctrl da A, ka danna Ctrl da 1, ka shiga "Protection", ka cire alamar "Locked". Sannan ka zaɓi guraben fomula kaɗai, ka koma can ka sa musu "Locked" da "Hidden". Daga nan sai "Review", sai "Protect Sheet", ka sa kalmar sirri. Yanzu in yaron ya taɓa gurbin jimla, zai ga sakamako, amma layin sama inda fomula ke fitowa wayam. In ya yi ƙoƙarin rubutu, Excel zai hana shi.

Wannan ya magance kuskure. Batun riba kuwa, gaskiya ɗaya ce: kare shafi ba tsaro ba ne, Microsoft, masu Excel, da kansu sun faɗi haka. Wanda ya ɗan san kan kwamfuta zai iya cire shi. Ko ba haka ba ma, in kuɗin sari yana shafin, ga kuma kuɗin sayarwa a gefensa, wane yaron kasuwa ne bai iya ɗebewa da ka ba? Ka raba fayil biyu. Na yaro ya ƙunshi kaya, yawa da farashin sayarwa. Naka mai sari da riba ka rufe shi ta "File", "Info", "Protect Workbook", "Encrypt with Password". Wannan kam kulle ne na gaske, har in ka manta kalmar, Microsoft ma ba sa dawo maka da ita. Rubuta ta ka ajiye a gida, ba a jikin littafin bashi ba.

Tambaya: Ni ma'ajiyar adashin mata ce a Mabera, ba ni da kuɗin Office, manhajar da Excel ke cikinta. Google Sheets ko me?

Amsa: Hajiya, Google Sheets kyauta ne kuma yana hana a taɓa guraben da kika kare, amma duk wadda kika ba damar buɗewa za ta ga fomula. In ɓoyewa kike so, ɗauki LibreOffice Calc. Shi ma kyauta ne, ba ya neman data bayan an sauke shi, kuma yana da zaɓin ɓoye fomula. In gani kawai matan za su yi, mayar da shafin PDF ki tura musu a WhatsApp.