Asibitin ikilisiya da dokokin lafiya: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Ɗan'uwa, salama gare ka. Ka ce an sa ka a kwamitin da ke kula da asibitin ikilisiyarku, kuma wasu dattawa na ganin tunda aikin Ubangiji ne, babu buƙatar a wahalar da kai da lasisi da takardu da masu zuwa dubawa. Kana son sanin ko bin waɗannan dokoki na da gurbi a bangaskiyarmu. Na daɗe ina aikin gudanarwa a asibitin mishan, bari in gaya maka abin da na gani.

Mutane sukan zaci babbar jarabawar asibitin Kirista ita ce ranar da doka za ta ce a yi abin da Allah ya hana. Hakan kan faru, amma da wuya. Wadda muke fama da ita kullum ita ce fakewa da kyakkyawar niyya. Lasisin ma'aikaciyar jinya ya ƙare, sai a ce ai 'yar'uwa ce, mun san ta. Magani ya lalace a ɗakin ajiya, sai a ce kyauta aka ba mu, ba za mu zubar ba. Shi kuwa wanda ke kwance a gado bai iya tantance takardar shaidar likita ba, bai san ko an tsabtace kayan tiyata ba. Dominsa aka yi yawancin dokokin nan. Ko a Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina gida ya kewaye rufinsa da ɗan bango, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Ba a ce mai tsarkin zuciya an ɗauke masa ba.

Inda muka fi tuntuɓe shi ne sirrin mara lafiya, kuma abin takaici, ta ƙofar addu'a yake fita. Ma'aikaciya ta tashi a taron addu'a ta ce a tuna da wance, sakamakon gwajinta bai yi daɗi ba. Ko fasto ya leƙo ofis yana tambayar me ke damun ɗan ikilisiyarsa, a miƙa masa katin saboda nauyinsa da ake ji. Na ga mace mai ɗauke da ƙanjamau ta daina zuwa karɓar magani gaba ɗaya, domin sunanta ya fito a irin wannan taro. Wadda ta faɗa ba muguwa ba ce, da hawaye ma ta faɗa. Amma ɓarnar ta auku. Amurka ta yi dokar HIPAA mai kare bayanan marasa lafiya a 1996, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018, Najeriya ta yi tata a 2023. Karin Magana 11:13 ta riga su duka: mai tsegumi ke tona asiri, amintacce yakan rufe. Idan ana son yi wa mutum addu'a, a tambaye shi tukuna, shi zai ce a faɗi kaza, a bar kaza. Fasto ma yana iya yin addu'a ba tare da ya ga sakamakon gwaji ba, ai Allah ya san ciwon.

Haka batun amincewa. Sa hannu a takarda kafin tiyata ba ya nufin komai idan ba a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji ba. Kuma kada a taɓa ɗaura magani a kan sauraron wa'azi.

Sai wanda aka kawo cikin gaggawa ba shi da ko sisi. Dokar EMTALA ta 1986 a Amurka ta tilasta wa mafi yawan asibitoci su duba shi su fitar da shi daga haɗari kafin zancen kuɗi, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ma ya hana a ƙi shi. Kowa zai ce ai mun san Basamariyen nan na Luka 10. To, a tuna ya ciro dinari biyu ya ba mai masauki, ya kuma yi alkawarin cika sauran. Dole wani ya biya. In kwamitinku bai ware asusu don wannan ba, kun bar mai karɓar kuɗi shi kaɗai da hukuncin rai da mutuwa da tsakar dare.

A nan ne wata dabara ke shigowa, wato a ƙara wa kamfanin inshora gwajin da ba a yi ba, wai don a rufe kuɗin talaka. Zamba ce, ko don wa aka yi ta. Haka karɓar kamasho daga ɗakin gwaji ko mai sayar da magani don a riƙa tura masa mutane. Manzo Bulus da zai aika gudummawa Urushalima bai ce a yarda da shi kawai ba. Ya haɗa Titus da wasu 'yan'uwa biyu, domin aikin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane, kamar yadda ya bayyana a 2 Korintiyawa 8. In manzo ya yarda a sa masa ido, ma'ajinku ba zai ji haushin mai binciken kuɗi ba.

Game da ranar da doka ta ci karo da lamiri, Ayyukan Manzanni 5:29, inda aka ce dole a yi wa Allah biyayya fiye da mutane, na nan daram. Sai dai Bitrus a fili ya faɗa, gaban majalisa, ya kuma sha bulala. Bai canja takarda a ɓoye ba. Wasu dokokin ma sun bar ƙofa: dokar zubar da ciki ta Birtaniya ta 1967 ta yarda ma'aikaci ya janye saboda lamiri, sai fa idan ran matar na cikin haɗari, ko lafiyarta na fuskantar mummunar illa mai ɗorewa. Ku rubuta abin da asibitinku ba ya yi, ku sanar da marasa lafiya tun farko, lauyan da ya san dokar ƙasarku ya duba muku.

A zamanka na farko, ka nemi ganin rajistar asibitin, da jerin ma'aikata da ranar da lasisin kowa zai ƙare, da littafin magunguna masu tsauri, ka kuma tambayi su wa ke riƙe da makullin ɗakin kati. In an ce maka ana yi amma ba a rubutawa, ka sa a rubuta wannan amsar ma cikin bayanin zaman.