Gajerar hanya ko mai tabbas: wacce ɗan kasuwa zai riƙe?

Tambaya: Ina saro kaya ina kai wa masu shaguna a wani gari. Hanyoyin biyu ne. Gajerar wata rana awa 4 ce, wata rana har awa 10. Doguwar kullum tsakanin awa 6 da 7 take, amma ta fi shan mai. Wacce zan riƙe?

Amsa: Alhaji, kuɗin mai shi ake gani da ido, shi ya sa gajerar ke jan hankalinka. Amma mai shagon da ke jiranka ba ranar awa 4 zai tuna ba. Ranar awa 10 zai riƙe, domin ranar ce ya sallami mai saye hannu rabbana. In abin ya maimaitu, ko ya nemi wani dila, ko kai ka riƙa jibge masa kaya fiye da kima don gudun yankewa. Jarin da ya kwanta haka shi ma kuɗin hanya ne, sai dai ba ya fitowa a rasit.

Kada ka dogara da "yawanci". Ka sa direba ya riƙa rubuta lokacin tashi da na isa, har tafiya 20 a kowace hanya, da ranar da aka yi ta. Ka jera su daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, ka ɗauki ta 19. Da wannan lokacin za ka yi alkawari, domin sau 19 cikin 20 za ka cika shi. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ma da irin wannan ma'auni na kashi 95 cikin 100 take auna tabbacin hanya. Google Maps na nuna cunkoso, amma bai san nauyin lodinka ba.

Sannan ka binciki musabbabin jinkirin, nan ne wurin da nake so ka fi tsayawa. In cunkoson safe ne ko na yamma, jinkiri ne mai lokaci, sammako kaɗai na iya magance shi, gajerar ta zama taka. In kuwa gada ɗaya ce ko mashigi ɗaya da kowace mota sai ta bi, to babbar mota guda ta lalace a kai, kowa ya tsaya, kuma ba mai sanin ranar. A watan Maris na 2021 jirgin ruwa ɗaya, Ever Given, ya toshe mashigin ruwa na Suez da ke Masar kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Don haka ka tabbata hanyarka ta biyu ba ta bi ta wannan maƙurar.

A yadda ka bayyana, ni doguwar zan ba kayan da ke lalacewa da duk wanda aka yanka wa rana, in saka bambancin man cikin farashi tun daga farko. Gajerar ka bar wa kayan da ba a gaggawarsu, kana ci gaba da rubuta lokutanta, musamman in damina ta shigo.