Amsa: tsarin Dixon ba zai ba ka ED95 ba

Dakta, ka tambaya ko za ka bi tsarin hawa da sauka na Dixon da mata talatin, ka ciro ED95 (adadin da ke yi wa kashi 95 cikin ɗari na mutane aiki) na bupivacaine, maganin kashe zafi, a allurar baya ta tiyatar haihuwa. Ban ba ka shawarar haka ba.

Ƙa'idar da Dixon da Mood suka fitar a 1948 ita ce: in allura ta kama, a rage wa mai bi mata mataki ɗaya, in ba ta kama ba, a ƙara. Dole awon ya riƙa kewaya adadin da ke yi wa rabin mutane aiki, wato ED50. Can sama inda 95 yake, da ƙyar ka samu mace ɗaya ko biyu. Duk lissafin probit (lissafin da ke danganta awon magani da damar nasara) da ka miƙa zuwa can hasashe ne kawai. Kuma awon kowace ya rataya ne ga sakamakon wadda ta gabace ta, abin da lissafin da aka saba bai yi la'akari da shi ba.

Tunda saman kake nema, ɗauki tsarin ƙuri'a mai rinjaye na Durham da Flournoy. In allura ta gaza, kullum a hau. In ta kama, sai a jefa ƙuri'a: a ED90 damar sauka 1 cikin 9 ce, a ED95 kuwa 1 cikin 19, in ba haka ba a maimaita awon. A shirya ƙuri'un tun kafin a fara, a rufe a ambulan, kada mai duba sakamako ya san abin da ke cikin sirinji. In ƙuri'a za ta wahalar da ku, a sauka bayan nasara shida a jere. Wannan yana nufar kusan kashi 89.

Ni dai ED90 zan nema, da mata 50 zuwa 60. A ED95 gazawa ba ta cika faruwa ba, awon sai ya kafe a mataki ɗaya, ka ƙare ba ka koyi komai ba.

Wajen lissafi, bi hanyar isotonic (lissafin da ba ya barin nasara ta ragu in awo ya ƙaru) da Stylianou da Flournoy suka kawo a 2002. Misali miligiram 8 ya kama mata 5 cikin 6, amma miligiram 9 ya kama 7 cikin 10. Ƙarin magani bai kamata ya rage nasara ba, sai a haɗe matakan biyu: 12 cikin 16, kashi 75. Kunshin cir a manhajar lissafi ta R yana yin wannan, har da iyakar tabbas.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ma'anar nasara. Rubuta ta tun farko: mutuwar jiki ta kai matakin T6 (daidai ƙasan ƙashin ƙirji) cikin minti goma, ko kammala tiyata ba tare da ƙarin magani ba? ED90 biyu ne daban. Fentanyl, maganin rage zafi da za ka haɗa, ya zama adadi ɗaya ga kowa, kuma ka fayyace maganin ceto, da abin da za a yi in allurar ce ta kuskure wuri: a cire matar daga lissafi, a maimaita awon ga ta gaba.