Me Ya Sa Majinyata Ke Ɓacewa Masu Bincike Bayan Sallama?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Yaya masu bincike ke riƙe waɗanda suka tsira daga ɗakin kulawa ta musamman tsawon shekaru ba tare da sun janye ba?

Amsa: Malama, wannan aiki ne mai wuya, domin wanda ya sha mummunan rauni ko doguwar jinya yakan fito da raunin jiki, mantuwa da firgici, har komawa asibitin ma takan tayar masa da hankali. Waɗanda suka fi shan wahala su ne suka fi ɓacewa, kuma idan aka rasa su, sakamakon zai nuna sauƙin da babu shi.

A Toronto ta ƙasar Kanada, tawagar Dakta Margaret Herridge ta bibiyi mutum 109 da suka tsira daga matsanancin ciwon huhu har shekara 5, aka wallafa sakamakon a 2011, kuma wanda ya kasa zuwa sai a je masa gida.

A ganina wannan ziyara ta fi komai tasiri. Sai kuma karɓar lambobin 'yan uwa tun kafin sallama, biyan kuɗin mota, taƙaita tambayoyi, da barin ma'aikaci ɗaya da majinyacin ya saba da shi yana kiransa, tare da mutunta haƙƙinsa na janyewa duk lokacin da ya so.