Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Tafiyar Minti Shida Kafin Tiyata

Tambaya: Likita, za a yi wa mahaifina mai shekara 68 aikin hanji, sai aka sa shi kai-komo a barandar asibiti ana duba agogo. Me ya haɗa wannan da aikin ciki?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Gwajin tafiyar minti shida ke nan. Akan auna fili mai tsawon mita 30, mutum ya yi ta zuwa yana dawowa gwargwadon ƙarfinsa. In ya gaji ya tsaya ya huta, amma agogo na ci gaba. Lafiyayyen baligi yakan ci mita 400 zuwa 700. Babbar tiyata tana jibga wa zuciya kaya: ga zubar jini, ga saukar jini a lokacin aiki, ga bugunta ya ƙaru. Wanda ɗan taku ke sa shi haki yana dafa bango, zuciyarsa za ta fi shan wuya, don haka sai mu ƙara shiri.

Tambaya: To in mutum ya yi tafiyar da kyau, ya tsira ke nan?

Amsa: A'a, gwajin shi kaɗai bai wadatar ba. Mai ciwon gwiwa zai gaza alhali zuciyarsa lafiya lau. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018, kan marasa lafiya 1,401 a Kanada, Birtaniya, Ostareliya da Niyu Zilan, ya nuna hasashen likita da ido kawai yakan kuskure sosai. Wasu tambayoyi 12 kan aikin yau da kullum, kamar hawa bene da share gida, sun fi gano masu haɗari. Ina roƙon iyayenmu maza musamman: in an tambaye ku, ku faɗi gaskiya. Jarumta a nan cutarwa ce.

Tambaya: An yi wa maigidana aiki shekaranjiya, ba ya ciwon ƙirji, amma suka ɗebi jininsa wai don zuciya. Akwai dalili?

Amsa: Akwai, Hajiya. Raunin zuciya bayan tiyata yawanci shiru yake zuwa. Fiye da takwas cikin goma na masu shi ba sa jin alamar komai, maganin rage zafi yana taimakawa wajen rufe ta. Sinadarin turofonin da ke fita daga tsokar zuciya shi ke tona shi, kuma a kwana ukun farko ake aunawa, musamman ga wanda ya kai 65 ko mai tsohon ciwon zuciya. Ki bari su ɗiba, ki kuma nemi a yi miki bayanin sakamakon kafin a sallame shi.