Me ya sa kiɗan mugu a anime ke tayar da tsigar jiki?

Ka ce kiɗan da ka haɗa wa mugun da ke gajeren fim ɗinka na anime (katun irin na Japan) ya yi hayaniya amma bai ba da tsoro ba. Ɗan'uwa, matsalar ba ƙarfin sauti ba ce.

Makaɗan Japan kan ba mugu takensa, kamar taken ɗan dambe: sautuka kaɗan, sau da yawa a sikelin maina, wato jerin sautukan da kan ba da yanayin baƙin ciki ko fargaba. Ka ɗora shi a kan selo da kwantirabas (manyan goge masu kaurin sauti), a hankali, bugu 60 zuwa 70 a minti. Sautuka biyu masu tazarar rabin mataki, wato masu maƙwabtaka da juna a kan fiyano, in suka gogi juna, su ke hana mai kallo sakewa. Ka fara sa taken can ƙasa-ƙasa tun kafin fuskarsa ta bayyana. Ranar da ya yi nadama, fiyano kaɗai ya buga shi. Kunne zai gane mutumin ya sauya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba tambura, ƙahoni da taron muryoyi tun farko, sai a rasa abin ƙarawa a wurin faɗa. Shirun daƙiƙa biyu kafin sara yakan fi su aiki.

In kaurin sauti yana danne maganar 'yan wasa, kai wa injiniyan sauti ya tace maka.